Yadda Muka Kai Kififiyar Tudun Wada Taro a Ƙasar Benin

Tun da na dawo ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya shigo shago, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Malam Tanimu, wai da gaske ne har ƙasar waje kuka je da ita?" Na ba mutanen majalisa labari, na ba na ƙofar masallaci, na ba surukina har sau biyu don kunnensa ɗaya ba ya ji. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da taka kekena.

Bayan layin shagunanmu a Tudun Wada akwai wani tsohon kududdufi. An ce nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen unguwar. Ko da rani ba ya ƙafewa. A cikinsa akwai kwaɗi, da tayoyi, da leda, da wata katifa da ba wanda ya yarda tasa ce. Bana sai Alhaji Sabo mai sayar da siminti ya nemi mai unguwa ya yarje masa ya cike wurin ya yi shaguna. Ni abin da ya tayar mini da hankali ruwan sama ne. Duk wanda ya gangaro daga layinmu can yake tafiya, in aka cike kuwa shagona zai fara tambaya. Baba Yohanna, tsohon malamin kimiyya ɗan Wusasa, shi damuwarsa tsuntsaye. Ya shafe shekaru yana zuwa bakin ruwan da safe da madubin hangen nesa da littafin rubutu, har mutane sun daina yi masa dariya. Muka je wurin mai unguwa tare. Ya ce kafin wata ya ƙare mu kawo masa hujja a takarda cewa wurin yana da amfani, shi ba ya yanke hukunci da surutu.

Ashe Baba ya daɗe da aika sunan kududdufin ga wasu masu kula da fadamu da dazuzzuka da bakin teku na ƙasashen Afirka ta Yamma. A takardar kuma "Tafkin Tudun Wada" ya rubuta. Sai ga gayyata zuwa taro a ƙasar Benin, mutum uku, maza biyu da mace ɗaya. Macen ita ce Hajiya Asabe mai waina. Da ta ji za a shiga kwalekwale ta ce a kai kasuwa, ita ko gadar Kubanni sai ta yi addu'a take hayewa. Muka tafi mu biyu. Baba ya ce mini za a kai mu dashen wani abu mai suna mangurob. Ni mangwaro na ji. Har buhu na ninke na sa a jaka saboda tsaraba.

Muka shiga babbar motar Legas. Baba yana rungume da wata ƙatuwar kula, ya hana a sa ta a but. Na ɗauka dambu matarsa ta yi mana, na ji daɗi a raina. Da aka tsaya a Mokwa don sallah da cin abinci, ya sauka ya bar ta a kujera. Na dawo kafin shi, yunwa tana cina, na ce bismillah na buɗe murfi. Sai wani kai ya leƙo ya kalle ni.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ga rabin motar ta juyo.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kififiya ce. Rufe mana, kada iska ta yi mata yawa."

"Na ga kififiya ce. Me take yi a kular abinci?"

"Malam Tanimu, in ka ce wa mutane wurinka yana da rai, sai su ce nuna mana. Hoto kowa yana iya ɗauka. Wannan a kududdufinmu aka haife ta."

Na duba da kyau na ga har murfin ya huhhuda mata da ƙusa. Wata mata a kujerar baya ta ce mu sayar mata za ta yi magani. Baba ya ce ba ta sayarwa ba ce, taro za ta je. Matar ta tashi ta sauya kujera. Daga nan har Legas, duk inda aka tsaya sai mu sayi ruwan leda mu sauya mata. Ni kuwa burodi na ci da haƙuri.

Daga Legas muka kama ƙaramar mota zuwa bakin iyaka. Fasfo lafiya, katin rigakafi lafiya. Wani jami'i mai ƙaton tumbi ya karanta takardar gayyatarmu, ya ɗago ya ƙirga mu da biro.

"An rubuta mutum uku. Maza biyu na gani. Ina macen?"

Na buɗe baki zan yi bayanin Hajiya Asabe, sai idonsa ya faɗa kan kula. Ya ce a buɗe. Ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa.

"Abinci ce ko ta kiwo?"

Baba ya gyara tabarau ya ce, "Yallaɓai, mace ce."

Mutumin ya dubi takarda, ya dubi kula, sai dariya ta kama shi har ya dafa tebur. Ya kira abokan aikinsa suka zo kallo. Ɗaya ya tambaya ko an yi mata rigakafin shawara. A ƙarshe mai tumbi ya ce ya ga masu tafiya da kaji, ya ga masu tafiya da awaki, bai taɓa ganin wakiliya a kula ba. Tun da masu kula da dabbobi ne suka gayyace mu, mu je su san yadda za su yi da mu.

Kwatano ba ta ba ni mamaki sosai ba, sai abu biyu. 'Yan acaɓansu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa kamar 'yan makaranta, burodinsu kuma dogo ne mai tauri, in ka riƙe shi kamar za ka kora shanu. A nan muka haɗu da tafintan da aka ba mu, Malam Garba, Bahaushen zangon garin. Kakansa daga Katsina ya zo fataucin goro ya zauna. Hausarsa tana da daɗi, sai dai duk jimla uku sai ya sa "wala", wai haka Faransawa ke cewa "shi ke nan".

Daga Kwatano aka ɗauke mu yamma, wajen iyakar Togo, zuwa wani ƙauye da ke tsakanin teku da wani babban ruwa. Masaukinmu ɗakin katako ne a kan dirkoki, in ka leƙa tsakanin allunan ƙasa kana ganin ruwa. Washegari da safe na sa ƙafa a takalmi, wani abu ya kama mini babban yatsa. Ƙaguwa ce. Na yi tsalle da ƙafa ɗaya har waje ina kiran Baba. Mai masaukin ta zo ta cire ta tana murna, wai irin wannan ce mai daɗi. Da rana aka kawo mana wani abu kamar kafa, da miyar yauƙi, sai ga ƙaguwa zaune a tsakiyar kwano da ƙafafunta duka. Malam Garba ya rantse ba ita ba ce. Ni dai na gane ta. A gida in abu ya cije ka kashe shi ake yi a jefar, a can dafa maka shi ake yi.

Shugabar taron wata mata ce, Madam Afi, gajera, mai murya kamar ta kwandasta. A rana ta biyu ta sa mu a kwalekwale zuwa wurin dashe. Na sa sabon kaftanina fari, na ɗauki buhuna. Muna tafe ina ta ɗaga kai ina neman mangwaro, ban ga ko ɗanye ba. Sai wasu itatuwa tsaye a cikin ruwan gishiri a kan saiwoyinsu, kamar mutanen da suka naɗe wando za su haye rafi.

"Malam Garba, ina gonar mangwaron?"

"Wane mangwaro? Ga mangurob nan ka shigo cikinsa, wala."

Na zauna a kan buhun don kada a tambaye ni na mene ne. Madam Afi ta yi bayani cewa a ƙarƙashin saiwoyin nan kifi ke yin ƙwai, su ne kuma ke tare teku kada ta cinye ƙauyen. Da mata suka yi ta sarewa suna dafa gishiri da ƙyafe kifi, ruwa ya fara shiga ɗakuna. Wannan na gane shi sarai, don shi ne maganata a Tudun Wada. Aka ba kowa tsiro ya dasa. Na sauka daga kwalekwale da ƙarfina, laka ta haɗiye ni har gwiwa. Mutum biyu suka ciro ni, ɗan Gana da ɗan Gini, takalmina ɗaya kuma ya zauna can. Sauran kwanakin da silifas ɗin mai masauki na yi taro, ruwan hoda ne da fure a kai.

A hanyar dawowa na tafka kuskuren da har yanzu in na tuna sai na ji kunya. Kafin in bar gida mutum huɗu sun ja ni gefe, kowa a ɓoye, sun ce tun da wajen manyan ruwaye zan je in samo musu man ayu. Ba zan faɗi sunayensu ba, suna da iyali. Na raɗa wa Malam Garba saƙon mutum huɗun, na ce ko ya san inda ake samu. Shi kuwa Allah ya yi shi da riƙon amanar aiki, sai ya juya ya fassara wa Madam Afi da ƙarfi. Mai tuƙi ya tsayar da sanda. Ashe ita shekara goma sha biyu tana yawo ƙauye-ƙauye tana roƙon masunta su daina kashe ayu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce duk tsawon shekarun nan sau biyu kawai ta taɓa ganinsa da idonta, na biyun uwa ce tana shayar da ɗanta a ƙirji. Sannan ta ce Garba ya tambaye ni, mazan garinmu ba su iya magana mai daɗi ba ne sai an kashe dabba an shafa musu? Garba ya fassara wannan ma da ƙarfi.

Da muka iso gaɓa muka tarar ana kiɗa. Wani tulin ciyawa mai tsayin mutum, kamar rumbu, yana juyawa a fili shi kaɗai. Suna kiransa Zangbeto. Garba ya ce dodonsu ne mai gadi, in aka damƙa masa wani yanki na daji ba mai sake saran ko reshe. Na koma bayan Baba ina karanta abin da ya sawwaƙa. Tulin ya yi ta juyi, ya zo daidai gabana ya tsaya, sai ka ce silifas ɗina yake kallo. Baba ya ce, "Ka gani ko, nasu gadin yana aiki." Na ce mu ma muna da namu, ba a bangon kududdufi muka rubuta Allah ya isa ga mai zuba shara ba? Ya ce, "Ƙwarai. Katifar ma a ƙarƙashin rubutun take."

Rana ta uku aka shiga zaure kowa ya nuna wurinsa a majigi. Ɗan Senegal ya nuna ruwan da sai an yini a jirgi kafin a haye. Wata 'yar Laberiya ta nuna daji mai giwaye. Ɗan Gana ya nuna kunkurun teku da ya kai faɗin tabarma. Aka kira Tafkin Tudun Wada. Hoto ya fito, ga tayoyi, ga leda, ga katifa a gaba kamar ita ce mai wurin. Wani mai gemu ya tambayi faɗin tafkin. Baba ya dube ni, wai ni ne mai awo. Na ce in mutum ya jefa dutse da ƙarfi zai faɗa gidan Malam Audu a ɗaya gefen. Garba ya fassara har da sunan Malam Audu.

Sai Baba ya buɗe littattafansa, guda bakwai, duk sun sha hannu. Ya fara karanto ranar da shamuwa ta iso kowace shekara, da zalɓe, da balbela, da wani ɗan tsuntsu mai dogon baki mai kaɗa wutsiya da ke zuwa lokacin sanyi. Ya kwaikwayi kukansa. Wani tsohon masunci ɗan Gambiya, wanda tun da aka fara taro bai ce uffan ba, ya miƙe ya amsa masa da irin kukan. Suka tsaya suna yi wa juna kukan tsuntsu a gaban jama'a, dattawa biyu masu furfura, ba mai jin yaren ɗan'uwansa. Mai gemu ya ce tsuntsun daga Turai yake tasowa ya ratsa hamada, kuma ba babban ruwa kaɗai yake nema ba, duk inda ya samu ɗan ruwa da tsutsa nan ne masaukinsa. Aka yi tafi. Na ji ƙirjina ya cika, har na manta da takalmin da ke ƙafata.

Da Baba ya tsaya a nan da mun fita da mutunci. Amma daɗi ya ɗebe shi, ya sunkuya ya ɗauko kula ya ɗora a tebur ya buɗe.

Madam Afi ta leƙa, ta dafe kai. Abin da ta faɗa da Faransanci yana da tsawo, Garba ya taƙaita mana: rabin mutanen zauren nan aikinsu ke nan, hana a ɗauki dabba daga wurinta a tsallaka iyaka da ita, ga mu mun kawo musu har tebur a kular abinci. Baba ya cire hula ya ce a yi masa afuwa, shi nufinsa hujja. Na ce to a sake ta a ruwansu mana, ga shi nan da yawa. Aka ce ina, ruwansu da gishiri, kuma tana iya kawo wa nasu cuta. Dole a mayar da ita inda aka ɗauko ta, kuma wannan karon da takarda.

Kwana biyu muka ƙara saboda takardar nan. Likitan dabbobi ya auna ta, ya duba idonta, ya tabbatar mace ce, abin da ya faranta wa Baba rai ƙwarai. Aka ɗauke ta hoto aka manna. Ofis uku aka kai mu, kowane ya buga hatimi. Ni da na haura hamsin ina biyan haraji ba a taɓa yi mini takarda mai kyan tata ba. Aka yi mata akwati mai raga, kula ta dawo hannuna ba komai a ciki. Da za mu rabu Madam Afi ta riƙe hannun Baba ta ce kada ya daina rubutun nan nasa. Ni kuma ta ce in gaishe mata da mutum huɗun nan.

A bakin iyaka ba mu yi minti goma ba. Jami'in da muka tarar ya karanta takardarta a tsanake, ya buga wa namu fasfo hatimi ko kallonmu bai yi ba.

Ranar da muka je gaban mai unguwa saura kwana biyu wata ya ƙare. Alhaji Sabo yana zaune, har ya yi magana da masu tifa. Muka ajiye akwati, muka miƙa takarda. Ba mai jin Faransanci, sai aka kira Mamman mai shayi, mutumin Maraɗi. Ya karanta ya ce an rubuta wannan dabba 'yar Tafkin Tudun Wada ce, a mayar da ita gidanta, kada kowa ya tare ta.

Baba, da yake ba ya iya ƙarya, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya takardar ba ta yi maganar cikewa ba." Na taka masa ƙafa.

Mai unguwa ya ce, "Na ji, Malam. Amma hatimi uku ne." Ya juya wajen Alhaji Sabo. "Alhaji, in ka cike wurin, gobe mutanen nan suka zo suka ce ina dabbarsu, kai za ka amsa ko ni?"

Alhaji ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba zai shiga shari'a da ƙasashen waje a kan kunkuru ba. Mai unguwa ya yanke cewa ba za a cike ba, da sharaɗin mu kwashe sharar, in ba haka ba baɗi a sake zama.

Da la'asar muka sake ta. Mutane sun fi na ɗaurin aure, Hajiya Asabe har ta kawo tanda bakin ruwa. Baba ya buɗe akwati yana share ido da hannun riga. Kififiya ta tsaya ta miƙa wuya, ta gangara ta nutse, ko waiwaye babu. Ranar Asabar muka kwashe tayoyi, majiya ƙarfi shida suka ciro katifar.

A bangon baya na shagona akwai wata taga da na toshe da kwali tun shekarar da na kama hayar wurin, saboda wari. Ran Litinin na sa almakashi na ɓamɓare kwalin. Warin bai gama tafiya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na juya kekena ya fuskanci tagar. Shekaranjiya ina kallon wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, na ɗinke wa wani bawan Allah aljihu a bayan riga.